An bar jaki ana dukan taiki: ku ɗan saurari lauya shi ma

Akwai tambayar da duk lauyan da ke aiki a Arewa ya gaji da jinta, a wajen ɗaurin aure ana yi mana ita, a majalisa ana yi, wani lokacin ma ɗan uwanka ne na jini zai kalli tsabar idonka ya ce, "Barista tsakaninka da Allah, ka san mutum ya aikata laifi kuma ka je ka tsaya masa, ina zaka kai wannan alhakin?" Kafin ka buɗe baki wani daga gefe ya ƙarasa maka, wai ai dama lauyoyi da ƙarya suke ci, su ke mayar da fari baƙi, su ke jan shari'a shekara goma don su yi ta karɓar kuɗin mota. Ni lauya ne, a kotunan Kano nake yawancin aikina, kuma ra'ayina a fili yake: mafi yawan zagin da muke sha ba namu ba ne. Tsarin shari'ar ƙasar nan ne ya gaza, amma da yake talaka ba ya ganin gwamna, ba ya ganin ɗan majalisa, ba shi da ikon kiran alƙali a waya, lambar lauya kaɗai ce a hannunsa, to a kan lauyan ake sauke komai.

Na san inda zargin ya samo asali fa, kuma ban raina shi ba. Iyayenmu da kakanninmu ba su taso sun ga lauya a gaban alƙali ba. Tun zamanin En'e har zuwa kotunan yanki da aka kafa a ƙarshen shekarun 1960, doka ce ta hana lauya tsayawa a kotun alƙali, kowa bakinsa ne ke kare shi, sai bayan tsarin mulkin 1979 manyan kotuna suka ce wannan hanin ya ci karo da 'yancin mutum na ɗaukar wanda zai tsaya masa. Kenan a idon dattijo lauya baƙo ne da ya shigo da kayan Turawa. Sannan ga malamai na jawo mana aya ta 105 cikin Suratun Nisa'i wadda ta hana mutum ya zama mai husuma don kare maha'inta. Wallahi wannan ayar tana tsorata ni kamar yadda take tsorata kowane Musulmi. Amma abin da ta hana shi ne ka san ha'inci ka tsaya kana ƙawata shi da ƙarya, kuma ƙa'idojin sana'armu ma sun haramta wa lauya ya gabatar wa kotu shaidar da ya san ta ƙarya ce, ana iya cire sunan mutum daga rajistar lauyoyi a kan haka. Wakilci a husuma kuwa tsohon abu ne a fiƙihu, Tuhfa, littafin fiƙihun nan da alƙalanmu ke hukunci da shi, akwai babin wakilci a ciki, kuma an ruwaito Sayyidina Ali yana wakilta ɗan uwansa Aƙilu ya je masa shari'a. Hadisin Ummu Salama da ke Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ce wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujjarsa, ya kuma gargaɗi wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan uwansa cewa yankin wuta ya karɓa, gargaɗi ne gare mu ƙwarai, amma kuma yana nuna maka cewa akwai mai gaskiyar da bakinsa ba zai iya fitar da ita ba. Tsohuwar da ta taho daga ƙauye an cinye mata gona, tana shiga kotu jikinta ya ɗau rawa ta kasa haɗa jimla biyu, ga attajiri a ɗaya gefen da takardu cike da jaka, wa zai yi mata magana?

To wanda ya aikata ɗin fa? Aikin lauya a nan ba wai ya ce bai yi ba alhali ya san ya yi. Aikinsa ya tabbatar mai gabatar da ƙara ya kawo hujja, ya tabbatar amsa laifin da aka rubuta a caji ofis ba da kulki aka ciro ta ba, ya tabbatar ba a ɗora wa mutum laifi uku alhali ɗaya ya yi ba, wani lokacin ma lauyan ne zai zaunar da shi ya ce malam hujja ta kama ka, ka amsa mu roƙi sassauci. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma yana da damar kare kansa ko ya ɗauki lauyan da yake so. Ku tuna shari'ar Hanifa a 2022, yarinya 'yar shekara biyar da aka sace aka kashe, babu gidan da bai yi kuka ba a Kano, mu ma da 'ya'yanmu. Da aka kai waɗanda ake tuhuma babbar kotu ba su da lauya, dole aka ɗage har hukumar gwamnati mai ba marasa galihu lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, ta ba su. Na ga yadda wasu suka dinga tsine wa duk wanda zai tsaya musu a Facebook. Alhali ba don waɗannan lauyoyin sun zauna a wajen ba, hukuncin kisan da aka yanke wa Abdulmalik Tanko da abokin laifinsa a watan Yulin 2022 da ba zai tsaya da ƙafarsa a gaban kotun ɗaukaka ƙara ba. Kuma mun ga misali a nan Kano ɗin, hukuncin kisan da kotun Musulunci ta yanke wa Yahaya Sharif-Aminu a 2020 bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW), babbar kotu ta soke shi a Janairun 2021 ta ce a sake shari'ar saboda an yi ta ba shi da lauya. Ko wane ɓangare kake a waccan maganar, darasin ɗaya ne, wanda ya fi kowa son a hukunta mai laifi shi ya kamata ya fi kowa son a ga lauya a gefensa. Haka shari'ar Amina Lawal a Katsina, wadda aka yanke wa hukuncin jefewa bisa zargin zina, da kotun ɗaukaka ƙara ta Musulunci ta wanke ta a Satumbar 2003, lauyoyinta irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim daga cikin fiƙihun Malikiyya suka ciro hujja, maganar kwantaccen ciki da damar janye iƙirari, ba daga wata dokar waje ba.

Yanzu bari in zo kan ɗage shari'a, don nan ne zuciyar lauya ke ƙuna kullum ba tare da kowa ya sani ba. Ka kwana kana karatun fayil da fitilar waya don babu wuta, ka shirya tambayoyin da zaka yi wa shaida, da safe ka sa baƙar kwat ka ƙona mai ko ka hau adaidaita, tara ta yi kana zaune, goma ta wuce, sha ɗaya saura sai rijistara ya leƙo ya ce kotu ba za ta zauna ba yau, mai shari'a ya tafi taro Abuja, kowa ya zo ya ɗauki rana. Ranar da za a ba ka wata biyu ce a gaba. Babu wanda ya turo maka saƙo jiya da dare. In ma an zauna ɗin, idan akwai babban lauya mai muƙamin SAN a ɗakin to tasa za a fara kira, gata ne da muƙamin ya ba shi, kai kana iya zama har azahar a ce lokaci ya ƙure. Sai ka fito waje ka tarar da wanda kake wa aiki, ya taso tun asuba daga Doguwa ko Rano, ya biya wa shaidu biyu kuɗin mota, ya sayar da buhun masara don wannan zuwan, ya dube ka ya ce "Barista me ya faru kuma?" Me zaka ce masa? Duk bayanin da ka yi a fuskarsa zaka ga abin da yake tunani, cewa ɗaya ɓangaren sun saye ka.

Kuma dokar tana nan a rubuce fa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce a yi shari'a kullum-kullum in an fara, in ba zai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa biyar, tsakanin zama da zama kada ya wuce kwanakin aiki 14, Kano ma ta yi tata irin dokar a 2019. Amma ta yaya alƙalin da ke rubuta kowace kalma da biro da hannunsa, lauya na magana yana cewa dakata in rubuta, ga shari'a fiye da abin da mutum ɗaya zai iya ji a jerin ranar, ga ɗaki ba fanka, zai cika wannan ƙa'idar? Abin da ya fi ci min rai shi ne 'yan siyasa sun san maganin abin sarai, don da ta zo kan shari'arsu ta zaɓe sai suka gyara tsarin mulki suka ce kwana 180 a gama a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, kwana 60 a gama ɗaukaka ƙara, kuma ana gamawa ɗin. Daga ina ake ɗebo alƙalan da ke wannan aikin? Daga manyan kotunan jihohi, wato shari'ar filin marayu da ta mutumin da ke tsare sai su tsaya cak wata shida ana raba wa manya kujeru. A 2021 ma'aikatan kotuna suka rufe ƙofofi tun 6 ga Afrilu har cikin Yuni, sama da wata biyu, suna neman gwamnoni su sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa kai tsaye kamar yadda tsarin mulki ya ce, buƙatarsu gaskiya ce, amma a wannan tsakanin wanda aka kama ba inda za a kai shi, lauyan da ke ci daga zuwa kotu kuma ba shi da ko sisi. Ga kuma matsalar a canza wa alƙali wurin aiki ko a ƙara masa girma, shari'ar da aka yi shekaru ana yi sai ta koma farko, a sake kiran shaidu, wasu sun mutu wasu sun bar gari. Shari'ar tsohon gwamnan Abia Orji Kalu da aka fara a 2007 aka yanke hukunci a Disambar 2019, Kotun Ƙoli ta rushe ta a Mayun 2020 saboda alƙalin da ya yanke an riga an ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara. In haka ta faru da shari'ar da duk ƙasa ke kallo, ka ƙiyasta ta mai gyaran babur.

Ban ce babu lauyan da ke neman ɗagewa da gangan ba, akwai, zan zo kansu. Amma kafin nan ku leƙa gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Yadda abin ke faruwa shi ne 'yan sanda su kai mutum gaban majistare da tuhumar kisa ko fashi, alhali majistare ba shi da hurumin jin wannan shari'ar, sai a aika shi gidan yari a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ɗin kuma yana iya yin watanni bai ma bar teburin ɗan sanda mai bincike ba, ko an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, ko a ce ba a ga fayil ɗin ba kwata-kwata. Ranar zama kuma a ce ba a kawo shi ba, motar gidan yari ba mai. Uwar yaron kai za ta dinga kira, safe da yamma, ba ta zaginka ma, kuka kawai take tana cewa "ɗana ka taimake ni don Allah", kai kuma ka rubuta wasiƙa ka bi sawu ka shigar da takardar neman beli, ka yi duk abin da doka ta ba ka dama, ba abin da ya motsa. Wannan kiran wayar ya fi zagin majalisa zafi nesa ba kusa ba.

Caji ofis kuwa wata duniya ce daban. A bango an rubuta beli kyauta ne da manyan haruffa. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, doka ta hana kama wani a madadin wani, ta hana tsare mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma ce mace na iya tsayawa beli. Amma je ka faɗi haka a kantar caji ofis ka ga yadda fuskoki za su canza. Da yawa daga cikin 'yan sandan ganin lauya suke kamar wanda ya zo hana su abinci, sai a ce oga baya nan, a bar ka tsaye, wani lokacin don ka zo ɗin ma a ce to tunda lauya kuka kawo sai dai a haɗu a kotu. Daga nan 'yan uwan wanda aka kama su ja ka gefe su ce "Barista kai dai ka koma, zuwanka ne ya ɓata lamarin, da mun ba su abin da suka nema da tuni yaro ya kwana a gida." Abin baƙin cikin shi ne a wannan daren gaskiya suka faɗa. Tsarin ya mayar da bin doka ya fi cin hanci tsada da wahala, kuma kai da ka tsaya kan dokar kai ne ka zama matsala a idon wanda ka zo taimako. Ban ga laifin iyalan ba, ɗansu suke so ya fito.

Sai kuma abubuwan al'ajabi da ba a koyar da su a makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ko Bwari. An sha tambayata sunan mahaifiyar alƙali, ko wace kusurwa kujerarsa ke kallo, don malamin da ake wa aiki ya nema. Akwai wanda zai kawo maka turare ya ce ka shafa a hannu kafin ka miƙe tsaye, akwai wanda zaka buɗe fayil ɗinsa ka ga laya a tsakanin takardu, akwai wanda ya yi imani an ɗaure bakin shaidarsa shi ya sa ya kasa magana. Da ina jin haushi, yanzu tausayi nake ji, don mutumin da ya yarda cewa kotu za ta ba shi haƙƙinsa da hujja kawai ba zai kai kuɗinsa can ba, rashin yarda da tsarin ne ya kai shi. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai zuwa da ambulan ya ce "wannan na mai shari'a ne, kai ka san yadda kuke yi." In ka ce ba ka yi, sai ya ɗauka kai ƙaramin lauya ne da ba ka da hanya, gobe ka ji ya kwashe fayil ɗinsa ya kai wa wanda ya ce masa zai yi, wataƙila ma kuɗin a aljihun wancan za su tsaya alƙali bai san zancen ba, amma sunansa ya ɓaci a unguwa.

Shari'ar gado ita ce ke nuna maka ɗan Adam tsirara. Mutum ya rasu ana ganin mata biyu ya bari, ranar rabo sai ga ta uku da 'ya'ya da shaidun ɗaurin aure, kuma gaskiyarta ne. 'Yan uwa ciki ɗaya su zauna benci ɗaya a kotu ba mai gaida wani saboda shago guda a Kantin Kwari, su kashe abin da ya kusa kuɗin shagon, in ka ce musu ku zo a yi sulhu sai a ce ka karaya ko an gan ka da ɗaya ɓangaren. Babban wa ya riƙe dukiyar marayu shekaru yana cewa juya musu yake. Rigimar aure kuma, mace ta zo da tabo a jiki tana kuka ka shigar mata da ƙara, bayan sati uku iyaye sun sasanta, alhamdulillahi, amma daga ranar kai ne mugun da ya so kashe aure, mijin ba ya amsa sallamarka. Ga mai ɓoye maka gaskiya, ka tambaye shi sau nawa ko ya taɓa sa hannu a wata takarda ya rantse bai yi ba, ana tsakiyar zama lauyan can ya zaro ta da sa hannunsa ɓaro-ɓaro, kai ne a tsaye, kai alƙali ke kallo. Amma akwai abin da har yau ke sa tsigar jikina tashi a kotun Musulunci, mutum ya yi wata da watanni yana musu, ranar da alƙali ya ce to je ka yi alwala ka zo ka dafa Alƙur'ani, sai ka ga ya tsaya ya sunkuyar da kai ya ce "Allah gafarta malam, a bar rantsuwar nan, zan biya." Irin wannan ranar ce ke sa in ji har yanzu akwai sauran tsoron Allah a zukata, kuma aikin bai zama banza ba.

Abin da ba ma faɗa wa kowa shi ne nauyin da muke komawa gida da shi. Ka karanta rahoton likita na yarinya 'yar shekara shida da aka yi wa fyaɗe, ka ga hotunan gawa a fayil, ka tsaya tsayin daka a kan shari'ar, rana ɗaya uban yarinyar ya zo ya ce a janye, manyan unguwa sun sa baki a rufa asiri. Ka dawo gida 'yarka ta rugo ta rungume ka, kai kaɗai ka san abin da ke ranka, kuma sirrin wanda kake wa aiki amana ce, ko matarka ba zaka faɗa wa ba. Hawan jini ya yi mana yawa a sana'ar nan, kuma namiji a wajenmu in ya ce abu na damunsa a zuciya sai a ce ya cika raki. 'Yan uwanmu mata lauyoyi nasu ya ninka, wanda ya zo neman lauya ya shigo ofis ya ganta ya ce ina baristan yake, a gida kuma ana jiran ta dawo ta ɗora tukunya, duk da cewa Arewar nan ce ta fitar da Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012. Hatsarin rai ma yana nan. Bola Ige yana ministan shari'a aka shiga har gidansa a Ibadan aka kashe shi a Disambar 2001, har yau ba wanda aka hukunta. Barnabas Igwe, shugaban ƙungiyar lauyoyi reshen Onitsha, da matarsa wadda ita ma lauya ce, an kashe su a Satumbar 2002. A Yulin 2022 Inibehe Effiong ya shiga kotu a Akwa Ibom yana kare wanda yake wa aiki, daga nan aka wuce da shi gidan yari wata guda bisa laifin raina kotu. Mu ƙanana kuma barazanar waya daga ɓangaren da ya sha kaye ta zama ruwan dare, musamman a rikicin fili.

Ko kayan da muke sawa ma wahala ne. Watan Afrilu a Kano zafi ya haura digiri 40, kana cikin baƙar kwat da baƙar alkyabba da hular gashi a babbar kotu, gumi na ɗiga kan takarda. Ingila da muka gado abin daga wajensu alƙalansu sun ajiye hular a shari'un da ba na laifi ba tun 2008. Mu kuwa a Disambar 2017 hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi aka yi saboda hijabi, sai a 2018 aka rantsar da ita bayan an sha dambarwa. Ina ganin lokaci ya yi da za mu zauna mu duba wannan.

Yanzu namu laifin. Akwai lauyoyi masu cin kuɗin wanda suke wa aiki, akwai masu karɓar shari'ar da suka san ba ta da tushe don kawai kuɗin shigarwa, akwai masu ƙirƙirar ƙorafi su tafi ɗaukaka ƙara a kan ƙaramin abu don babbar shari'ar ta kwanta. A rikicin masarautar Kano na Mayun 2024 duk mun ga yadda babbar kotun tarayya da babbar kotun jiha suka dinga ba da umarni masu karo da juna har Alƙalin Alƙalai na ƙasa ya kira shugabannin kotunan biyu. Alƙali ba ya rubuta wa kansa ƙara, lauya ne ya ɗauki takarda ya je ya zaɓi kotun da yake ganin za ta ba shi abin da yake so. Na ji kunyar wannan abin matuƙa, kuma ina goyon bayan kwamitin ladabtar da lauyoyi ya dinga cire sunan duk wanda aka kama, komai girmansa, a kuma buga a jarida kowa ya gani. Duk wanda lauya ya cinye masa kuɗi yana da damar kai ƙorafi, kuma ina roƙon a dinga kaiwa. Sai dai ku lura, irin waɗannan manyan ɓarnar ba yaron da kuke gani a bakin kotun majistare da takalmi ya sha ƙura ke yin su ba, amma shi ake nunawa ana dariya ana ce masa lauyan beli.

Wannan yaron shekara biyar ya yi a jami'a, in yajin aiki bai mayar da ita bakwai ba, ya yi shekara a makarantar horar da lauyoyi da kuɗin da iyayensa suka sayar da kadara suka biya, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya shiga ofishin wani babba yana rubuta takardu har dare yana zuwa kotu a madadin oga, a ƙarshen wata a ba shi abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, wani ofishin ma ba albashi, sai dai in an je kotu a miƙa masa na mota, in ya yi magana a ce ai koyo yake, mu ma haka muka yi. Duk shekara kuma dole ya biya kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen Maris, ya sayi hatimin ƙungiya, ya sayi littattafai, ya fito tsaf don ba mai ba lauya marar kyan shiga aiki. Ƙa'idar sana'a ta taƙaita masa talla. Dangi kuma kowa na ganin ai an samu barista a gida, shari'ar kawu kyauta, ta surukin maƙwabci kyauta, in ka ambaci kuɗi a ce "haba, ai magana ce kawai zaka yi." Mutum zai sayi fili na miliyoyi ya ba dillali la'adarsa nan take ba musu, amma lauyan da zai je ya bincika takardun a ma'aikatar ƙasa ya rubuta yarjejeniya sai a ce ga na goro, ko a tsallake shi gaba ɗaya a rubuta a fallen takarda, bayan shekara biyu a gano mutum uku aka sayar wa filin, sannan a zo ana Barista ka cece ni. A 2023 an fitar da dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin aikin lauya, amma wanda yunwa ke ci zai karɓi ko nawa aka ba shi, kuma lauyan da yunwa ta kama shi ne wanda wata rana zai kalli kuɗin marayu da ke asusunsa ya ce bari in ɗan ara. Don haka maganar albashin ƙananan lauyoyi ba tamu ce mu kaɗai ba, ta shafi duk wanda zai ba lauya amanar dukiyarsa.

Ina son jama'a su juya fushin nan inda zai yi amfani. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi ko zai sakar wa kotuna kuɗinsu, ko zai sa na'urar ɗaukar magana a ɗakunan shari'a alƙali ya huta da biro, ko zai ƙara lauyoyi a ma'aikatar shari'a a sa wa'adin da dole shawara ta fito a kan wanda ke tsare. Doka ta riga ta ce majistare ya dinga ziyartar caji ofis duk wata ya duba waɗanda ke tsare, wannan ko sabuwar doka ba ya buƙata, yi kawai ya rage, kuma a inda ake yi ana ganin bambanci. Mu kuma a cikin gida, manyanmu su ji tsoron Allah a kan yaran da ke ƙarƙashinsu. Idan ƙungiyar lauyoyi na iya sa takardata ta maƙale a kotu don ba hatiminta a kai, to tana iya hana babban ofis wannan hatimin har sai ya nuna shaidar abin da yake biyan yaransa duk wata.